Jakar da Baba Nomau Ya Ɗinka wa Matuƙin Jirgi

Tun da na dawo daga ƙasar Adar ban huta da tambaya ba. Wadda ta kawo ɗinki sai ta gyara zama ta ce in ba ta labari, wadda ta zo karɓa ma haka, har maƙwabciyata da ba ta taɓa kawo mini ko kalmasar ɗankwali ba ta mayar da shagona wurin hira. Na gaji da maimaitawa, kuma duk maimaitawa sai raina ya sake ɓaci sabo fil. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta, ni in ci gaba da taka kekena.

Sunana Asabe, tela ce ni a Zariya. Mahaifinmu Illa, Allah ya ji ƙansa, ba Bazazzagi ba ne. Mutumin wani ƙauye ne gaba da Ibohamane, a ƙasar Keita cikin Nijar. Ci-rani ya kawo shi, aure ya zaunar da shi. Gidansu gidan dukawa ne, kuma suna da al'adarsu: duk ɗa namiji da ya kama sana'a, babban gida zai ɗinka masa jakar fata daidai da sana'ar. Wanzami a yi masa zabira, malami gafaka, ɗan ci-rani burgame. Wanda ba a yi wa ba, ba a lissafa shi cikin mazan gidan, ko da kuwa gemunsa ya yi fari. Burgamen babanmu na rataye a bangon ɗakinsa har ranar da ya bar duniya. Mata kuwa ba a yi musu komai, kuma wannan magana za mu dawo kanta.

Autanmu Mustafa makaniken jirgin sama ne. Ya daɗe yana kwanciya ƙarƙashin jiragen mutane yana shan baƙin mai, har ya lallaɓa ya koyi tuƙi, ya samu lasin na ƙaramin jirgi, irin wanda mutum ke tuƙawa don kansa. Maigidansa na da wani ɗan jirgi mai kujera biyu, yakan bar masa ya tashi da shi. Labari ya kai ƙauye, sai ga saƙon murya a wayata daga Baba Nomau, yayan babanmu, wanda shi kaɗai ya rage mai ɗinki a gidan.

"Ku hwaɗa ma ɗan Illa," in ji shi, "in shi ɗan gidanga na, shi aiko a amshi jikkatai tun idona na ganin basilla. Bayana babu mai yi."

Mustafa bai samu hutu a wurin aiki ba. Ya zo shago ya durƙusa mini, abin da bai yi ba tun yana firamare. Ya ce, "Yaya, ki je ki karɓo mini. Ranar da kika dawo da ita, ke ce mutum ta farko da zan ɗauka a jirgi." Ni kuwa a rayuwata ko benen da ya wuce hawa biyu ban taɓa hawa ba. A ranar na sayi sabon mayafi ruwan toka na ninke, na ce na hawa jirgi ne.

Kafin in tafi ya kai ni ya nuna mini jirgin. Bayan kujeru akwai ɗan gurbi, bai fi akwatin kan keken ɗinki ba, nan jakar za ta zauna. Ya zayyana mini abin da za ta ɗauka: abin kunnen da yake magana da masu kula da fili, da tocila, da taswira, da tabarau, da wani ɗan kofi da yake duba mai da shi. Ya ce kada ta yi nauyi. Kada ta kasance da igiya mai lilo, don tana iya sarƙe sandar tuƙi. Kada a sa mata maganaɗisu, don yana ruɗa kamfas, mutum ya nufi Kano ya tsinci kansa a Gusau. Na ciro tef ɗina na auna gurbin, na dawo shago na yanka kwali daidai da shi. Aikina ne, na san abin da nake yi. Wannan kwali shi na rungume na kama hanya, ƙarshen damina.

Daga Zariya zuwa Sakkwato babu abin ba da labari, sai ciwon baya. A kan iyaka aka fara. Ma'aikacin ɓangaren Nijar ya karɓi takarduna ya duba ya miƙo mini, sannan idonsa ya sauka kan kwalin.

"Madam, wanga kwali hwa?"

Na ce ma'aunin jakar jirgin sama ne.

Ya juya shi gaba da baya. Ya kira abokin aikinsa, suka yi Faransanci, suka dube ni, suka sake duban kwalin. Ba su yi mini rashin mutunci ba, gaskiya, sai dai na gwammace zagi da irin tausayin da na gani a idonsu. Da zan wuce na ji ɗayan yana cewa, "Allah shi ba ta lahiya."

A motar Madawa na haɗu da Tsahara, wata 'yar kasuwar tabarmi mutuniyar Sabon Gida, doguwa, mai murya kamar ta mai shela. Kafin mu yi nisa ta san sunana, da sunan mijina marigayi, da dalilin da ya sa ban sake aure ba. Can ba a ɗauki wannan shisshigi ba, gaisuwa ce. Kuma gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Mu a Zariya ka tambayi gida da aiki ka wuce. Su sai an tambayi gajiya, da ruwa, da gari, da masu gari, da zaman duniya, a huta kaɗan a sake ɗaukowa daga farko. Na lura kuma kowa na riƙe da wani dogon burodi tsirara a hammata, cikin wannan zafi, ba leda ba takarda. Tsahara ta ɓalla mini nata. Na karɓa don kunya, na ci don yunwa, kuma ba zan ɓoye ba, ya fi namu daɗi.

Mun isa Madawa motar Buza ta riga ta tashi. Tsahara ba ta ma yi shawara da ni ba, ta ɗauki jakata ta ɗora a ka ta ce in biyo ta gidan wanta. Aka ba ni ɗaki mai tsabta, sai dai rabinsa albasa ce a zube har kusa da rufi. Har na dawo Zariya in na buɗe akwatina sai in ji kamar za a ɗora miya. Da yamma suka kawo kwaɗon zogale da suke kira kopto, ya sha ƙuli da albasa, na ci har na ji kunyar kaina.

Da safe Tsahara ta ja ni kasuwa, wai tunda jaka nake nema ga jakunkuna. Ta tsayar da ni gaban wani mai rumfa, ya sauko da wata baƙar jakar leda mai zif ko ta ina, 'yar ƙasar waje. Na gwada da kwalina, ta yi daidai, sai dai marufinta maganaɗisu ne. Na ce ba na so, kuma ma ba ta kanti aka aiko ni ba, ta gida aka aiko ni.

Tsahara ta taɓe baki. "Ke dai sayi sak ɗinga ki aje. Dukawan Adar ba su jin magana. Abin da ag ga ransu shi suka yi."

Na ce mata ai yayan babana ne zai ɗinka. Ta ce to shi ya fi muni. Na ji haushin maganar, na yi mata sallama a tsaitsaye, abin da har yau nake jin nauyinsa, don matar nan ba ta yi mini komai ba sai alheri.

Motar Buza a-kori-kura ce da ta ga duniya. An loda buhuna, an loda tabarmi, an loda awaki, sannan aka tuna da mu. Mun yi tafiya mai ɗan nisa sai direba ya taka birki. Ruwa bai sauka inda muke ba, amma an yi shi can kan duwatsu, korama ta kawo ta yanke hanya, jajawur, tana tafe da itatuwa. Na tambayi direba yaushe za mu wuce. Ya ce in ta wuce. Ban ga wanda ya damu ba sai ni. Maza suka shimfiɗa tabarma, direba ya fito da ɗan murhunsa da butar shayi kamar dama abin da ya fito yi ke nan. Gawayi ya ƙi kamawa, sai kawai ya miƙo hannu.

"Madam, ara min kwalinki in hura wuta."

Abin da na gaya masa ba zan rubuta ba. Ya janye hannunsa ya yi fifita da hularsa, kuma da shayin ya yi ni ya fara miƙa wa. Sau uku suke dafa shi, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka sha na farko ka tashi kafin na uku ka yi laifi.

A bakin koramar nan na ga abin da ya faranta mini rai. Wani dattijo wanzami, Malam Asumane, ya buɗe zabirarsa zai yi wa wani fasinja gyaran fuska, tunda zama ya kama. Zabirar jar fata ce, ta sha hannu har tana ƙyalli, gida-gida a ciki, kowace aska da ɗakinta, ba igiya ba tarkace. Na roƙe shi ya ba ni in gani. Na ɗora ta kan kwalina, ta zauna kamar don shi aka yi ta. Na tambayi wanda ya ɗinka.

"Wagga? Aikin Nomau na, na wajen Ibohamane. Tun ina saurayi."

Na ce babana ne. Nan take na tashi daga Madam na koma ɗiyar Nomau. Na zauna ina lissafi a raina: nan abin kunne, nan tocila, nan kofin mai, taswira a ninke ta baya. Na ce ashe wahalata ta ƙare, zabira za a yi wa Mustafa, a ɗan faɗaɗa gida ɗaya. Har na ji tausayin Tsahara da rashin saninta.

Sai la'asar ruwan ya janye. Malam Asumane ya ce ɗiyar Nomau ba ta kwana a tasha, ya kai ni gidansa a Buza, matarsa ta karɓe ni hannu biyu. Washegari babu mota sai bayan azahar. Da rana ta yi aka kawo mini fura a ƙwarya, damammiya da nono mai kauri. Na sha kaɗan na ajiye, don kada in cika ciki kafin abinci ya zo. Na jira. Na ga an wanke ƙwarya, an share tsakar gida, kowa ya nemi inuwa ya miƙe. Na daure na tambayi matar gidan ko an ɗora tukunya. Ta dube ni da mamaki ta ce ai na sha hura. Ashe ita ce abincin. Haka na hau motar Keita cikina na kiran sunana, ga kunya ta hana ni cewa a dawo mini da ƙwaryata.

Daga Keita babur na hau, wanda suke kira kabu-kabu. Ƙasar nan dutse ce zalla. Ban san inda hatsinsu ke samun wurin tsira ba, amma ga shi nan ya yi kai, ga manyan rumbunan ƙasa sun fi ɗakunan mutane girma. Hannu ɗaya na riƙe ƙarfen babur, ɗaya na riƙe kwali, iska na neman ƙwace mini shi.

Zali, 'yar Baba Nomau, sa'ata ce, ita ta tare ni. Mata suka cika gida suna kallon fuskata suna kuka, wai hancin Illa ne, wai tafiyarsa ce. Ni ma na yi kukan, ban san ina da shi ba. Baba Nomau na zaune a zaure kan buzu, ɗan siriri, idanunsa sun yi fari-fari. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Amma maganar jaka ko alama. Na ɗauko ta, ya ce in huta. Washegari na sake ɗaukowa, ya ce ban gaida dangi ba tukuna. Zali ta zaga da ni gida-gida, kowane gida fura, kuma wannan karon na shanye. Ni da na bar ɗinkin bikin mutane a shago, ina nan ana nuna ni kamar sabuwar amarya.

Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, wata safiya na shiga zauren da kwalina na durƙusa. Yana haɗa shayi.

"Baba, ga ma'aunin da Mustafa ya aiko."

Ya karɓa ya shafa gefe da gefe da yatsunsa. "Mi na wanga?"

"Girman wurin da jakar za ta zauna ke nan a cikin jirgi. Kada ta wuce haka."

Ya gyaɗa kai. Sai ya juya kwalin ya shiga fifita gawayinsa da shi. Kwalin da na tsallako iyaka da shi, na hana direba, na kare shi daga awaki da ruwa da iska. Ina kallo gefensa ya fara baƙi. Ya ɗaga murya ya ce Zali ta ɗauko.

Zali ta shigo rungume da wani abu da na fara ɗauka mutum ne. Ta shimfiɗa shi a tabarma. Jaka ce, tsawonta daga kafaɗata zuwa gwiwa, mai dogon wuya. Jar fata, an yi mata ado da tsanwa da baƙi da fari, zane cikin zane, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Ga geza ta fata tana zuba har ƙasa, ga tuntaye, ga ɗan kwaɗon tagulla a wuya. A matsayina na mai ɗinki ban taɓa ganin aiki irinsa ba. A matsayina na wadda aka aiko kuwa, ji na yi jini ya hau mini ka.

"Baba, wannan ai ta raƙumi ce."

"I, ita ta."

"Jirgi fa zai hau. Jirgi ɗan ƙarami. Ko ni da kyar zan shiga."

"Ɗiyar Illa, in tambaye ki. Da raƙumi da abiyo, wane yaf fi nisa da ƙasa?"

Abiyo shi ne jirgin sama a bakinsu. Na ce jirgi mana.

"To mi kika so in yi mai?"

Na ce zabira. Na ba shi labarin ta Malam Asumane, yadda ta hau kwalin daidai, yadda kowane kaya zai samu gidansa. Ya saurare ni har na gama.

"Zabira," in ji shi. "Aski za shi yi can bisa?"

Nan na manta da ladabi. Na ce masa ni ma ɗinki nake ci da shi, kuma in mai kaya ya ce ga awo, awon ake bi. Na ce tunda ya san ya riga ya ɗinka abin da ransa ke so, me ya sa aka bar ni na yi ta yawo da kwali kamar mahaukaciya? Na ce wannan geza kaɗai ta isa ta kayar da jirgi. Har na ƙara da cewa na fi Mustafa daɗewa da sana'a, ban ga wanda ya ɗinka mini ko jakar almakashi ba, amma ni aka ga damar aikowa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mai saye aka bi ma awo. Shi ba mai saye ba na, ɗana na." Ya miƙo mini shayi. Na tashi na bar masa shayinsa.

Na wuni a cikin gida ina huci, ina cewa gobe zan koma Madawa in sayi ta leda in cire maganaɗisun da almakashi. Da la'asar Zali ta jawo jakar ta ajiye kusa da ni, ta juya bakin wuyan, ta tafi ta kama dakanta. Na so in ƙi dubawa, idona ya ƙi. Ɗinkin bakin bai ƙarasa ba. Wanda aka fara ma a karkace yake, ga ramukan basilla birjik inda aka ɗinka aka warware, aka sake aka warware. Daga ƙasan jakar zuwa sama kana iya ganin yadda idon mutum ya yi ta mutuwa: ƙasa kamar inji, tsakiya da dama, sama kamar na ɗan koyo. Ashe abin da ya sa yake ta cewa in huta ke nan. Kullum yana gwadawa.

Ni ba na iya ganin karkataccen ɗinki in ƙyale, ko na maƙiyina ne. Na ɗauki jakar na koma zaure, na jawo basilla da zaren fata. Ya ji motsina. Ya matso ya ɗora yatsansa a kan nawa yana nuna mini tazarar da zan bari. Mun yi nisa kafin ya buɗe baki.

Ya ce a zamanin kakanninsu ƙasar nan masu raƙuma na arewa ke mulkinta. In kaka ta yi sukan zo su karɓi hatsi, a gidanmu kuma su karɓi irin wannan jaka. Hannun gidanmu ke yin ta, amma babu ɗan gidanmu da ya taɓa rataya ta, don ta mai raƙumi ce, mu kuwa ƙafa ce tamu, in an samu sarari jaki. Zamani ya juya, mulkin ya wuce, har jikokin waɗancan sukan zo su saya da mutunci, su sha shayi a zauren nan. Duk da haka bai taɓa yi wa jininsa ita ba, don jaka sana'a take bi, kuma babu mahayi a gidan.

"Babana ya koya min ita, yac ce ta mutane ta, ba tamu ba. Da anka ce min ɗan Illa na hawan abin da yaf fi raƙumi, awakina na sa anka yanka, na jeme da hannuna." Ya shafa gezar. "Ni ban ce shi riƙa yawo da ita kullum ba. Ko sau guda ta hau, ya ishe ni."

Na ƙarasa ɗinkin, na ƙulle, na yanke zaren. Ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, ya ce ba laifi. Ba laifi kawai. Ban yi masa alkawarin komai ba, don har lokacin raina a ɓace yake. Na ce zan kai, iyakata ke nan. Muka shirya da Zali muka sa ranar da za a tashi, na ce zan kira da hantsi. Ƙauyen babu sabis, wanda suke kira rezo, sai an hau wani dutse a bayan gari. Ta ce za ta kai shi.

Dawowa kuwa kowane direba sai ya ce a ɗora ta bisa mota tare da awaki, ni kuma in ce sai dai a ɗora ni. A cinyata ta yi tafiyar, gezar na share ƙafafun mutane. A Madawa na nemi Tsahara na ba ta haƙuri. Ta kalli jakar, ta kalle ni, ba ta ce ai na gaya miki ba, amma ta yi dariyar da ta fi faɗar ciwo. A kan iyaka na sake faɗawa hannun ma'aikacin nan. Ya dubi jakar sama da ƙasa ya ce, "Madam, kwalin ya girma."

Ranar da aka sa, na yi wanka na yafa sabon mayafina, na isa filin jirgi da jakar a rungume. Da Mustafa ya gan ta ya yi dariya har sai da ya dafa fiffiken jirgi. Ya gwada ta a gurbin bayan kujera, ko wuyanta bai shiga ba. Sai na hango wata baƙar jaka mai zif zaune a gurbin, irin ta kasuwar Madawa sak. Ashe yana da ita tuntuni.

Ya share hawayen dariya ya ce, "Yaya, ba komai. Ki riƙe ta a gaban jirgi a ɗauke mu hoto, sai a mayar da ita but ɗin mota. In kin kira ki ce masa ta hau. Baba ai ba gani yake ba."

Duk haushin da na sha a tafiyar nan, na iyaka da na korama da na kwali, bai kai rabin wanda na ji a lokacin ba. Tsoho na can ya hau dutse da sanda, 'yarsa na jan hannunsa, yana jiran waya, wannan yaro da na yi wa tsarki da hannuna yana ce mini ba gani yake ba.

Na ce, "Ta fi ni nauyi?"

Ya ce ina, ko kusa.

"Kwaɗon nan zai ruɗa kamfas ɗinka?"

Ya kai shi kusa ya duba, ya ce tagulla ce, ba ta yin komai. "Amma Yaya, gezar nan ba zan tashi da ita tana lilo ba. Kuma babu wurin sa ta."

Na ce akwai. Na cire mayafina, a gaban makanikai da masu gadi, daga ni sai ɗankwali. Na tattare gezar da tuntayen na naɗe su tam a jikin jakar, na ɗaure kamar goyo. Na sa ya kwaso tocila da taswira da kofin mai daga baƙar jakarsa, na zuba a ciki. Na ɗaga ta na zaunar a kujerata.

Dariyar ta ɗauke masa. Ya ce, "Yaya, ke fa?"

Na ce ya ɗaura mata bel. Ya tsaya yana kallon bakin wuyan, inda ɗinkin tsoho ya karkace ya haɗu da nawa. Ya ja bel ɗin ya matse, ya jijjiga ta ya tabbatar ba ta motsi, ya zagaya ya shiga.

Da injin ya tashi na kira Zali. Bugu ɗaya ta ɗauka, iska na kaɗawa a wayar. Na ɗaga wayar sama, jirgin ya yi gudu ya rabu da ƙasa, ya zagayo ya bi ta kanmu. Sai da ƙarar ta yi nisa na mayar da ita kunnena.

"Ta hau?" in ji Baba Nomau.

"Ta hau, Baba. A kujerar gaba, kusa da shi."

Ya yi shiru har na ɗauka rezon ya ɗauke. Can na ji Zali ƙasa-ƙasa tana cewa, "Baba, zamna, zamna bisa dutsin." Sannan muryarsa ta dawo, ba yadda na san ta ba.

"Ke hwa, ɗiyar Illa, ina kike?"

Na ce ina ƙasa.

Ya ce, "To tsaya nan ki gane min ita, ni ban gani."

Na tsaya a rana, kaina ba mayafi, ina gaya masa ta yi gabas, ta karkata, ta shiga gajimare, ta fito, har katina ya ƙare.

Masu tambaya ko na hau jirgi, amsar ke nan: ban hau ba har yau. Mustafa na ta cewa wani satin. Mayafin ma bai dawo mini da shi ba, wai yanzu na jakar ne.